Datti Mai Turara Buhuna

Allah ya jiƙan Datti na Dingaya, mutum mai sanyin hali, wanda ko akuyar maƙwabta ta shiga gonarsa sai dai ya kore ta da hula.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, shi da ƙanensa Iliyasu suna aiki a wani siton hatsi a Birnin Kudu. Su lulluɓe buhuna da tamfal, su saki iskar gas daga tukunya ta kashe ƙwari. Iskar ba ta da wari, saboda haka kafin kowa ya shiga sai an tura kaza a keji. In ta fito da rai, a shiga.

Wata Laraba a 1976 motoci suka iso da wuri. Mai siton, Alhaji Salihu, ya ce, "Yau ba ruwana da kaza. Iliyasu, ɗaga tamfal, direbobi na jira."

Iliyasu ya shiga, iskar ta buge shi. Datti ne ya janyo ƙanensa waje yana kakkafewa. Washegari Iliyasu ya cika. Alhaji ya gaya wa masu gaisuwa cewa farfaɗiya ce. Wannan ƙarya ta fi mutuwar ci wa Datti rai, domin Jummai 'yar marigayin ta tashi ba mai yarda ya ci tuwo kwano ɗaya da ita. Shi ma Datti tun ranar iskar ta lalata masa hannu, har ya ajiye fartanya ya koma sayar da goro a kasuwar Sara.

Bayan shekara goma sha bakwai wata malamar jami'a, Hapsatu, ta zo bincike. Ta ce iskar nan tana cinye rufin da ke tare mana zafin rana a sama, ana neman abin da zai maye gurbinta. Aka tara tsofaffin ma'aikata a ƙofar siton, ta tambaya ko iskar ta taɓa cutar da wani.

Alhaji ya yi dariya. "Malama, a nan ko kaza ba ta taɓa mutuwa ba."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Datti. "Ai ka hana a tura ta. Ƙanena ka tura."

Ya faɗi komai. Malama ta ce alamun da ya lissafa na gubar iskar ne. Datti ya roƙe ta ta rubuta masa hakan da Hausa, ta sa hannu.

Kowace ranar kasuwa sai ya nemi mai karatu ya karanta takardar da ƙarfi a gaban farantin goronsa. Alhaji ya aiko dattawa sau uku a ba shi haƙuri. Datti ya ce, "Ya zo nan ya karanta da bakinsa."

Alhaji bai zo ba, kasuwar ma ya daina shiga. Da daminar bana Datti ya kwanta. Ana gobe zai rasu ya kira Jummai ya ce, "Ranar kasuwa kada ki fasa sa a karanta takardar nan, 'yata."

Ba ta fasa ba.