Ranar da na ajiye bututu a Hay el-Sabi'

Shekarun baya, lokacin da na je Alƙahira duba ɗana da ke karatu, na sauka wajen wani abokina Bahaushen Sudan a unguwar Hay el-Sabi'. Yana da tsohuwar akori-kura mai shan gas, da ita yake kwasar wa ɗalibai kaya. Ranar da nake ba ku labari, kayan ɗakin 'yarsa za a kai unguwar Abbasiya, mata na can suna jiran jere kafin la'asar.

Sanyi ake yi irin mai shiga ƙashi. Muka ɗora gado da katifa da firji, muka ɗaure tsaf. Ya murza makulli, mota ta yi tari ta yi shiru.

Raina ya yi fari, wallahi! Na yi kanikanci a Agadas, na yi a Abidjan, na taɓa a Jidda. Na naɗe hannun riga na ce, "Ɗan'uwa, matsa. Fulogin ɗumama inji ne suka mutu, sayo sababbi."

Da na zo cire tsofaffin, uku suka fita salin alin, na huɗu ya kafe. Sai na yi abin da muka saba a gida: na nemo bututun ƙarfe na zura wa sifana don ƙarin ƙarfi. Na dafa ƙafa a taya ke nan, sai na ji an riƙe min gwiwar hannu. Wani tsohon bakanike ne Bamisire, maƙwabcinsu, da kofin shayi a hannu.

"Ya Hajj, gyara za ka yi ko yanka?"

Na fara lissafa masa ƙasashen da na yi aiki. Ya ce, "Ma sha Allah. Duk ƙasashen zafi ne. Ƙarfen nan ya kwana cikin sanyi, ya ƙanƙame. Ka ja da bututun nan, fulogin ya karye a ciki, khalas, shi ke nan, sai an sauke kan inji. Amarya ta kwana a tabarma mako guda."

Abokina ya ce, "Alhaji, don girman Allah ajiye bututun nan!"

Tsohon ya sa aka kawo butar shayi tana tafasa, ya tsiyaya ruwan a kewayen fulogin, ya ɗiga man birki. Ya miƙo min wata 'yar sifana da ba ta wuce tafin hannu ba. "Da yatsa biyu. Kaɗan gaba, kaɗan baya. In ya yi ƙara, tsaya."

Na yi ta lallaɓawa, kunnena a jikin inji. Can sai na ji ya saki, laƙwas! Na yi kabbara har mutanen bene suka leƙo. Muka sa sababbin, mota ta tashi bugu ɗaya. Muka kama hanya abokina na danna oda kamar yadda Misirawa ke yi wa kayan amarya, ni kuwa da furfurata ina baya rungume da firji, ina ɗaga wa mutane hannu. Muna isa ana kiran la'asar, mata suka ɗau guɗa.

Shekara talatin ina ganin doguwar sifana ita ce gwaninta, ashe tana hana hannu jin abin da ƙarfe ke ciki ne. Da zan taho tsohon ya ba ni 'yar sifanar, tana cikin akwatina har yau. Bututun kuwa ƙwace shi ya yi ya riƙe, wai kada in je in kashe wata motar a wata ƙasar.