Zuma a tabar Kaka

Kaka na zuƙar lofensa a ƙofar gidanmu nan Kpangalam, ni kuma ina laɓe ina jiran ihu. Kullum cewa yake taba mai ƙamshi ta ragwaye ce, shi sai baƙar tabar Dapaong mai sa hawaye. Shi ya sa na cuɗa masa zuma da kanumfari a ɓoye.

Ya zuƙa, ya lumshe ido.

"Kai ja'iri, zo nan!"

Na ce shi ke nan, yau bayana zai sha sanda.

"Mutanen Dapaong sun fara hankali. Gobe ka hau mota ka samo min irinta."

"Kaka, ai da nisa!"

"Goya motar za ka yi?"

Jama'a, in faɗi gaskiya in sha duka, ko in tafi Dapaong neman tabar da ni na haɗa?