Zaren da Iya ta Ɓoye

Har yau idan na ji an karya rake a gwiwa, aka shiga tsotsa ana tofarwa, sai raina ya ɓaci ba tare da kowa ya yi mini komai ba. Kada ka ce raken na tsana, mu 'yan Matameye da shi muka yi wayo. Abin da ƙarar take tuna mini shi ne wani dogon benci da ke gaban rumfar mahaifina a bakin kasuwa, da mazajen da ke zube a kansa tun hantsi har la'asar, suna taunar rake suna sharhin dambe.

Mahaifina mahauci ne, kuma ɗan dambe ta gado. Shekara ashirin yana ɗaure hannu duk kaka, daga Kance zuwa Dawce har ƙetaren iyaka, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A dambe da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an ce an kashe ka, to shi ba a taɓa kashe shi ba. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ita kuwa mahaifiyar tasa Iya muke ce mata, tana nan tare da mu a gida. A lokacin da nake ba ka labari ina da shekara sha ɗaya, kuma ni nake kai masa abincin rana rumfa.

Can nake tarar da su. Shugabansu wani tela ne, siriri, kafaɗunsa kamar an rataye riga a ƙusa. Ban taɓa jin ya mari ko akuya ba, amma idan ya fara bayanin yadda ake kai naushi sai ka rantse shi ya haifi dambe. Ya miƙe ya gwada, ya dunƙule wannan hannu nasa na riƙon allura, ya ce da shi ne a fage da ƙasa-ƙasa zai shiga. Abokin musunsa wani mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, da ya taɓa ganin damben Turawa a tele, akwatin talabijin ke nan, a Damagaram. Shi kullum maganarsa ɗaya ce: can sai an ɗora mutum a ma'auni, a haɗa shi da mai nauyinsa, mu kuwa muna haɗa ɗan maraƙi da bijimi muna tafi. Tela ya ce wannan tsarin matsorata ne, gwaninta ba ta san kilo ba. Mushe ya ce shekaru fa? Tela ya ce ƙashin tsoho ya fi tauri. Haka za su wuni, ɓawon rake ya taru a gabansu, ƙudaje su samu wurin biki. Ko tsiren da suke ci rabinsa kyauta ne.

Kakar shekarar ta yi kyau, an cika rumbuna, masu kalangu sun fara zagaya gari. Sai ga labarin wani saurayi daga wajen Ɗan Barto, ɗan dako, wanda aka ce yana saɓa buhun gero biyu ya yi tafiyarsa yana hira. Ya kashe mutum uku a Dawce, ya kashe biyu a Kance, ya kuma aiko cewa ranar kasuwarmu zai zo, kuma mahaifina yake so.

Baba a lokacin ya haura arba'in da biyar. Ni da nake ɗauko masa buta na san yadda gwiwarsa ke ƙara in ya tashi daga sujada. Kuma in akwai wanda ya san nauyi a garin nan, shi ne. Yakan dafa ƙugun bijimi sau ɗaya ya faɗa maka naman da zai fita, a yanka a tarar haka ne. Ya hau mota ya je Kance ya kalli yaron da idonsa. Da ya dawo ko tuwonsa bai taɓa ba, da safe muka ɗumama.

Ɗan damben gidanmu ba ya ɗaure hannu da zaren wani. Zaren Baba na kakana ne, ya yi baƙi ƙirin da zufa da shekaru, kuma kowa a garin ya san ba ya shiga fage sai da shi. Kwana biyu da dawowarsa aka wayi gari babu zare. Baba ya birkice ɗaki, ya ɗaga tabarma, ya zazzage buhuna, yana faɗa har maƙwabta suna ji. Sannan ya tafi rumfa ya shaida wa 'yan benci cewa zare ya ɓata, ba zai karɓi gayyar ba. Ni kuwa na san inda yake. Ina kwance a ɗakin Iya da asuba na ga ta naɗe shi a tsumma ta cusa can ƙasa cikin randar da take ajiye wake.

Ranar farko 'yan benci sun yi jaje. Rana ta biyu suka fara murmushi. Rana ta uku na iso da kwanon abinci na tarar tela yana magana da ƙarfi, yana kallon sama kamar ba da kowa yake ba.

"Ikon Allah. Shekara ashirin zare bai ɓata ba, sai da aka haifi namiji a Ɗan Barto."

Mushe ya ce, "Ai ba laifinsa ba ne. Na faɗa muku akwai nauyi, akwai shekaru. Kowane zakara yana da ranar da zai koma bayan kaji."

Aka fashe da dariya. Baba yana tsaye yana feɗe cinya, bai ɗago ba. Na ga kunnuwansa sun motsa, wuƙar ta ci gaba da tafiya. Ni ce na kasa. Ubana, wanda ake kiɗa masa kalangu tun daga bakin gari, wai wannan mai ɗinkin wando ne zai kira shi matsoraci? Na dire kwanon, na ruga gida, na tarar Iya ta shiga maƙwabta. Na zura hannu cikin wake har kafaɗa na zaro ƙunshin. Da gudu na koma, na ratsa ta gabansu, na warware tsumman yadda kowa zai gani, na ce, "Baba, ga zarenka, na samo!"

Ina jiran ya ɗaga ni sama. Sai ya ajiye wuƙa a hankali, ya goge hannu a riga, ya daɗe yana kallon abin da na miƙa masa. 'Yan benci kuwa har da tafi da kabbara. Ya karɓa, ya dafa kaina ya ce, "Sannu, Uwata. Allah ya yi miki albarka." Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, amma a lokacin ban kula ba.

Iya ba ta doke ni ba, da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta zaunar da ni a bakin murhu tana tsince wake daga gefen zanena, ta ce, "Ke kin ɗauka bai san inda yake ba? Shi ya ɗaga mini murfin randar tun kafin ki farka."

Ranar kasuwa bayan la'asar aka kafa fage. Na hau katangar wani kango da farantin gyaɗata ina hange. A turmin farko Baba ya nuna wa yaron abin da ake kira iyawa. Ya goce, ya zille, ya sakar masa ɗaya a haƙarƙari da aka ji ƙararsa har inda nake. Naushin nan da wani ya samu da ya kwanta, amma yaron ko tari bai yi ba. A na biyu Baba ya sake samunsa sau biyu, sai dai na ga bakinsa a buɗe yana neman iska, hannun da yake karewa da shi ya fara sauka. A na uku yaron bai yi wata dabara ba. Ya matso kawai da dukan jikinsa ya sauke hannu a muƙamuƙin Baba. Ban ji kalangu ya tsaya ba, na dai ga gyaɗata a warwatse a ƙasa, mutane suna tattakawa.

Sati uku ya yi a gidan likita a Damagaram. Muƙamuƙin ya haɗe a karkace, haƙoran gefe guda sun tafi. Ya dawo ya ci gaba da sana'arsa, yana yanka, yana gasawa, yana barbaɗa yaji, ƙamshi yana dukan hancinsa daga safe zuwa yamma, amma bai ƙara tauna nama ba har ya koma ga Allah. Shekara goma sha huɗu ke nan. Ni nake dafa masa shi ya yi laushi, in daka, in dama da romo ya sha da ludayi kamar yaron goye. Ko da aka yi mini aure kullum sai na aiko da kwano. Bai taɓa tayar mini da maganar zaren ba, ko da wasa, kuma wannan shirun nasa ya fi kome ci mini rai.

'Yan benci fa? Ko kwana ɗaya ba su yi fashi ba. Washegarin dawowarsa suna nan a wurinsu, sun samu sabon abin musu. Mushe ya ce nauyi ne, ai ya faɗa. Tela, wanda ya ce gwaninta ba ta san kilo ba, ya juya ya ce tsufa ne, mutum ya kamata ya san lokacinsa. Suna faɗa suna miƙa hannu yana ba su tsire, suna taunawa a gabansa da haƙoransu cif. Na san ni na ɗauko zaren, ban taɓa sauke wannan a kan kowa ba. Amma ni yarinya ce mai shekara sha ɗaya da ke son ubanta. Su gemunsu har ƙirji, kuma babu abin da suka sa a fagen nan sai miyau.

Yanzu an ce a manyan garuruwa har ma'auni ake kawowa kafin a haɗa 'yan dambe, kuma akwai shekarun da in ka kai za a ce ka huta. Madalla, da an yi haka tun da. Masu bakin ne dai ba su canja ba, sun ma ƙaru. Samarin unguwarmu sukan haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon dambe, wannan ya ce wane ya tsufa, wancan ya ce tsoro yake ji, alhali in ka ba ɗayansu guga ya ja ruwa sai ya nemi wurin zama.

Mushe ya daɗe da rasuwa. Tela yana nan, ya rankwafa, bakinsa babu haƙori ko ɗaya. Da Babbar Sallar da ta wuce jikansa ya jawo shi gidana gaisuwa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, 'ya'yana suka kewaye shi. Ina daga ciki na ji yana ba su labarin kakansu. Wai shi ne ya riƙe masa riga ranar, yana roƙonsa da girman Allah kada ya shiga, ya ƙi ji.

Na miƙe na nufi murhu. Na buɗe tukunyar naman layya, na ture tsoka gefe, na tsamo masa jijiya da ganda na cika kwano, na kai masa da kaina har da durƙusawa. Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, miyau yana bin gemunsa. Can ya ɗago ya ce, "'Yata, ko za a ɗan daka mini?"

Na ce, "Ayya, Baba tela. Wanda nake daka wa ya rasu."