Layuka Huɗu a Jikin Miksar Junaidu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1987, tsakiyar watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Junaidu Hamidu, wanda duk Illela ta sani da Junaidu Mai Lasifika, bayan jinyar kwana biyar. Shekarunsa talatin da takwas. Da muka tsaya yi masa salla, sai da liman ya ɗaga murya sosai kafin sahun baya su ji kabbara, domin mai kawo lasifikar ne a kwance gabanmu.

Junaidu, ka san ni, Muhammadu Lawal, ba mai yabon mutane ba ne. Shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta, aka sallame ni da takarda mai layi uku. Yaran da na yi alfahari da su yau manya ne a ofisoshin Sakkwato, in sun zo garin nan gilashin motarsu ma ba ya sauka. Kai kuwa da hannuna na rubuta a takardarka ta aji shida cewa ba ka da rabo a karatu, kullum kana kwance rediyon mutane. Na yi kuskure, kuma yau ina rubuta hakan da hannun nan.

Kowa ya tuna ranar da ka dawo daga kasuwar Ƙonni da miksa ɗaure a bayan babur. Ƙaramin akwati ne mai shigar makirfo huɗu, kowace da maɓallinta da ake turawa sama ko ƙasa. Masu canji na bakin iyaka suka yi ta dariya, wai ka zubar da sefa a kan gwangwani. Ba a yi wata shida ba su ne ke layi a ƙofarka saboda walima da suna.

Shagon zaurenka ka mayar ɗakin ɗaukar murya. Ka rataye barguna a bango, ka jingina katifa a taga, batirin mota yana ƙarƙashin tebur. Tsofaffin da ba su iya wasiƙa ba nan suke zuwa daga Tozai da Gidan Katta su yi wa 'ya'yansu da ke ci-rani magana a kaset. Na ga wata tsohuwa, Tasalla, ta fashe da kuka tana tsakiyar yi wa ɗanta saƙo. Ka tsayar da kaset, ka ba ta ruwa, ka ce, "Inna, huta. Mu sake, kar shi ji kina kuka hankalinai ya tashi." Sau huɗu kuka sake. In babur ya ratsa ko zakara ya yi cara, a sake ne kawai, ba ka taɓa cewa ai haka ma ya yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Bayan sallamata abu ɗaya ya rage mini a garin nan, jan baƙi a tafsirin Malam Attahiru, kowane azumi bayan la'asar. Ni ke karanta aya, Malam ya fassara. Wajen mahaifina na gaje shi. A 1982 ciwon ƙirji ya kwantar da ni, na tashi muryata ta ragu. Alhaji Yari, shugaban masu kula da masallacin, ya faɗa a gaban jama'a cewa baɗi a ba Alaramma Idi jan baƙin, shi yaro ne mai ƙirji. Na koma gida na rufe ƙofa, na san in aka karɓe wannan, babu sauran dalilin da zai sa wani ya tambayi inda nake.

Da azumi ya kewayo sai ga ka da miksarka, ba wanda ya kira ka. Ka ce wa Alhaji Yari, "Alhaji, a bari mu gwada kwana ukku. In ba a ji Hedimasta ba, ni da kaina zan ce a canza." Ka juyar da lasifikokin suna kallon waje don kada su yi ƙugi, ka auna tazarar bakina da makirfo da tafin hannunka. Na karanta. Aka ji ni har rumfar masu goro. Na tambaye ka abin da ka yi, ka ce, "Mi na yi, Malam? Muryarka ce tad dawo."

Na yarda. Azumi huɗu ina yarda. Har gori na yi wa Alhaji Yari.

Bayan sadakar uku, matarka Zulaihatu ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta ce, "Baba, za a raba kaya, mun ga sunanka a jikin akwatin. Ko naka ne a ba ka?" Aka turo mini miksar. A gefen maɓalli na biyu akwai farar filasta, an rubuta "Hedimasta" da biro. Ga layuka huɗu, kowane da shekararsa, 83, 84, 85, 86, kowane yana sama da na bara. A gefen maɓallin Malam Attahiru ma akwai layuka huɗu, amma su ƙasa suke yi. Kana ɗaga ni kana sassauta shi, don kada kunne ya ji bambanci. Layin 86 ya kai ƙarshen hanyar maɓallin. Sama da shi babu wurin turawa.

Ban san abin da ka shirya yi bana ba, Junaidu. Na tabbata dai ka shirya wani abu. Na ce wa Zulaihatu akwatin na marayu ne, ni filastar kawai nake roƙo. Ta ba ni.

Jiya na je wajen Malam Attahiru da ƙafata, na ce a ba Alaramma Idi jan baƙi. Ba wanda ya kore ni. Shekara huɗu ka saya mini har na iya sauka da kaina, da mutuncina. Na daɗe ina cewa mutanen zamanin nan ba sa alheri sai inda za a gan su. Ban janye ba, amma daga yau zan riƙa cewa ban da mutum ɗaya.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Saudatu, da Zulaihatu, da 'ya'yanka Jibril da Ummu, da dukan jama'ar Illela. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Muryar da ta rage mini ƙarama ce, ka fi kowa sani. Da ita nake maka wannan addu'a, kuma Wanda nake roƙo Yana ji. Amin.