Abin da na zuba wa 'yata a kunu

Ni tsohuwa ce 'yar Gidimuni, aure ya kawo ni birnin Damagaram tun ina da ƙuruciya. Ban taɓa shiga lakwal ba, wannan ma maƙwabciyata ce ke rubuta mini, na kuma gargaɗe ta kar ta gyara mini magana. A wancan lokacin babu wadda ta kai ni a unguwarmu wajen gyaran amare da masu jego. A kawo mini yarinya kamar sillen kara, in riƙe ta kwana arba'in da tukuɗi da man shanu da kunun kanwa, in mayar da ita zane da ƙyar yake zagaye ta. Ina taƙama da wannan, ba zan ɓoye ba. A wurinmu jikin mace shi ke faɗin gidan da ta fito da gidan da ta shiga.

'Yata ta uku ita ce abin nunina. Tun tana budurwa take da jiki, da ta auri wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, ta ƙara. A cikinta na biyu aka gaya mata a asibiti tana da tansiyo, wato hawan jini, da alamar sukari, in ta haihu ta rage jiki. Ta bar maiƙo tun kafin ta sauka. Na matsa sai da aka kawo mini ita jego gida, ina ganin ƙashin wuyanta gabana ya faɗi. Ranar suna wata ƙawata ta ja ni gefe tana dariya, wai albashin mushe ne bai fito ba, ko kuwa hannuna ne ya tsufa. Na taya ta dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

In na dafa sai ta ci kaɗan ta ture, ta ce lokotoro ya hana. Na tambaye ta ko lokotoro ne ya goya ta. Da na ga ba za ta saurare ni ba, na je kasuwa wurin mai tallar magani na sayo ƙananan ƙwayoyin nan na ƙiba. Kowace safiya in daka biyu in zuba mata a kunu. Kafin sati biyu yunwa ta taso mata, sai in tarar da ita tana kankare tukunya. Ta ce ita ma tana mamakin kanta, ko shayarwa ce. Na ce shayarwa ce mana. Da ta koma ɗakinta na ci gaba da aika mata garin kunu wanda na riga na haɗa. Kusan shekara ina wannan. Fuska ta cika, ciki ya fito, in ta sunkuya wanke-wanke sai ta dafa bango ta huta, ni kuwa ina nuna ta ga mata.

Sai korona ta shigo gari. Ni na fara kwanciya da zazzaɓi da tari, ta zo ta yi jinyata. Ni da ba ni da komai sai ƙashi da fata, kwana shida na miƙe. Ita ta kwanta a tabarmar da na tashi. Mijinta ya ce a kai ta asibiti, na ce mace mai jiki irin wannan mura ba ta kayar da ita, abin da bai kashe tsohuwa ba me zai yi mata. Na dafa ganyen dogon yaro na yi mata sirace. Kwana huɗu ina tare ƙofa. Rana ta biyar bayan azahar ta so ta ce in miƙo mata jaririya, maganar ta kasa fita ɗaya, sai guntu-guntu, leɓɓanta sun yi duhu. Mijin bai sake neman izinina ba.

Ba su bar mu mun shiga ba, ta taga muke hangen ta da robar iska a fuska. Lokotoro ya fito ya yi mana bayani a tsaye. Ya ce kitsen ciki da na ƙirji sun danne huhu, ba ya samun wurin buɗewa, ga ciwon ya cika shi. Ya ce jikin da ƙiba ta yi wa yawa ba ya yaƙi da irin wannan cuta yadda ya kamata, shi ya sa take fi kayar da masu jiki. Sun so su kwantar da ita rub da ciki don iska ta shiga, cikin ya hana ta daɗewa. Sannan ya dube mu ya tambaya ko akwai maganin da take sha a gida. Mijin ya ce babu. Ni ma, surukina na tsaye kusa da ni, na ce babu.

Kwana biyu na riƙe wannan ƙaryar, tana ta yin ƙasa, su kuma suna cewa akwai abin da ba su gane ba. Rana ta uku na ƙulla sauran ƙwayoyin a bakin zanena na je na kwance a tafin hannun lokotoro, gaban mijin. Ya juya su, ya tambayi tsawon lokacin, na faɗa. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Iya, wannan yana kashe ƙarfin jiki, kuma yanke shi rana ɗaya ma haɗari ne. Da kin faɗa shekaranjiya." Ya juya da sauri ya koma ciki. Surukina ya matsa can ƙarshen benci.

Allah ya tashe ta bayan kwana ashirin da wani abu. Amma numfashinta bai dawo daidai ba, in ta yi shara sai ta zauna, sukarin kuma ya zauna mata. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe. Tana zuwa gaishe ni kowace Juma'a. In na miƙa mata kwano sai ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode Inna, ta ajiye gefe. Shekara nawa ke nan ba ta kai lomar hannuna bakinta ba.

'Yan'uwana tsofaffi, ku da ake kawo wa 'ya'ya jego, da ku nake. Jikin da muke tarawa don idon mata, ranar ciwo shi ke zama wa yarinya a ƙirji, matan kuwa ba wadda za ta ara mata numfashi. In 'yarki ta ce an hana ta, ki bar ta. In kuma kin riga kin zuba, aka tambaye ki, ki faɗa a ranar, ko gaban wa kike tsaye.