Kaka a Gindin Agogon Deira

Makon jiya muna kan hanyar zuwa wani biki, motarmu ta tsaya a gadar Wudil saboda cunkoso. Can ƙasa wani mai kwalekwale ya tayar da ɗan injinsa, sai warin dizal ya gauraya da danshin ruwa ya shigo ta taga. Matan da ke kusa da ni suka toshe hanci. Ni kuwa na shaƙe shi har cikin ƙirji, domin warin abra ne sak, ƙananan jiragen katakon nan da ke tsallaka da mutane a mashigin ruwan Dubai. Ban ankara ba sai ga ni ina 'yar shekara goma sha uku, zaune kusa da Kaka a kan bencin jirgi, ta riƙe wuyan hannuna kamar za ta karya shi.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi muka kai ga wannan bencin.

A Al Nahda na yi wayo, a wani fulat mai ɗaki biyu a hawa na sama. Ɗaki ɗaya namu ne, ni da Baba da Umma. Ɗayan kuma na wata ma'aikaciyar jinya ce, Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda nake kira Anti. Kicin ɗaya muke amfani da shi, shi ya sa ƙamshin miyar kukar Umma da na faten accar Anti suka zame mini ƙamshi ɗaya. A can babu damina babu kaka. Zafi ne mai tsawo, wanda idan ka buɗe ƙofa iska za ta rufe ka kamar jiƙaƙƙen bargo, sai kuma ɗan sanyi na 'yan watanni da ake fita a zauna a ciyawa. Baba yana aiki a wani sito a Al Qusais, inda ake loda kwantenar 'yan kasuwar Kano. Yakan dawo da ƙurar kwali a gashin gira, ya ce in hure masa.

Akwai kuma Kawu. Ba ƙanin Umma ba ne, ba kuma dangin Baba ba. Ɗan maƙwabta ne a Kano wanda mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauke shi ta haɗa da nata. Kwano ɗaya suka ci da Baba har suka yi gemu. Da Baba ya samu wurin zama a Dubai, shi ya nema masa biza ya shigar da shi sitonsu. Kowace Juma'a a gidanmu yake cin abinci, Umma kan kankare masa ƙanzon shinkafa ta ajiye saboda son da yake masa. Sunan Kaka aka sa mini, don haka akwai wani ɗan suna na alkunya da Baba ke kirana da shi. Bayan Baba, Kawu kaɗai ke kirana da shi.

A tsakiyar zafin shekarar 2011, wata ranar Alhamis, Baba bai dawo ba. Wayarsa tana ringi ba a ɗauka. Kawu ne ya fara zuwa, ya ce ai tun azahar suka rabu, Baba ya ce masa zai leƙa Deira wurin wani ɗan kago, mai tura kaya gida. Shi ya shige gaba wajen nema. Ya kai Umma asibitoci, ya kai ta shagunan Deira layi-layi, ya yi ta tambayar masu shayi. Wuri ɗaya ne bai kai kowa ba. Sai ranar Asabar da ma'aikata suka ɗaga ƙofar sito suka tarar da Baba a ƙasa, tulin kwalayen tayil a kan ƙugunsa da ƙafafunsa.

A can aka binne shi. Kawu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya zauna a falonmu duk kwanakin makoki yana karɓar gaisuwa, yana zuba wa baƙi gahawa. Na tuna hannunsa a kaina, yana cewa in yi haƙuri, shi ne ubana yanzu. Har yau idan na tuna nauyin hannun nan sai in ji ina son wanke kaina.

Kyamarar siton da ke kallon nasu ce ta tona shi. A lokacin hutun rana, da kowa ya watse, Kawu ya hau motar ɗaga kaya alhali ba shi da lasisinta, ya ja da baya ya ture tulin tayil a kan Baba. Hoton ya nuna shi ya fito, ya tsaya yana waige-waige, ya ja ƙofar ƙarfe ƙasa, ya sa kwaɗo, ya tafi. Likita ya ce ba nan take Baba ya cika ba. Ya daɗe da ransa a cikin wannan zafin, a ɗakin kwano, babu ruwa. Da an kira motar asibiti, mai yiwuwa ƙafa kawai zai rasa.

Ka ga, mai karatu, hatsari ba ya ba ni haushi. Kowa na iya ture kaya. Kwaɗon nan ne ba na iya haɗiyewa.

Umma ta samu aiki a wani shagon ɗinkin abaya, shi ya riƙe mu a ƙasar har shari'a ta nuna. Da zafi ya sake zagayowa aka ce ana bukatar mahaifiyar mamaci ta zo ta faɗa da bakinta ko ta yafe. Kaka ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Duk wanda ya zo daga gida yakan zo da kuka da daddawa da kilishi, ita kuwa da 'yar jaka ɗaya ta sauka, zane biyu da carbi. Ta rame, ta yi tsawo a idona. Ba ta yi kuka a filin jirgi ba, ta dai kama fuskata ta daɗe tana dubawa, kamar tana neman wani a ciki.

Ana jibi za a shiga kotu wani dattijo daga cikin manyan 'yan kasuwarmu na Deira ya zo da rakiyar mutum biyu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi addu'a, sannan ya shiga bayani a hankali: yaron nan ai ɗanta ne shi ma, tsoro ne ya ɗebe shi, kuma idan ta yi afuwa za a sassauta masa. Kaka tana jan carbi har ya gama.

Ta ce, "Alhaji, na gode da tattaki. Da hannun nan na yi masa wanka, da shi na cire masa ƙaya. Da ya kashe shi ya zo ya faɗa mini, wallahi da yanzu ina roƙa masa. Amma ya ci abincin makokin ɗana. Ku sha ruwa ku tafi."

Ranar shari'a Umma ta kasa tashi. Anti ta ɗauki hutu ta raka mu. Ta so mu hau tasi mu bi ta gada, Kaka ta ce a'a. Ɗanta ya sha ba ta labarin abra a waya, ya ce in ta zo zai tsallaka da ita, to ta ruwa za ta bi. Muka hau bas zuwa Deira, muka gangara matsayar jiragen, matuƙin yana ta "yalla, yalla", wato a yi sauri. Ruwan kore ne mai duhu, tsuntsaye farare suna shawagi, manyan jiragen katako na fatake jere a gaɓa an jibga musu firji da tayoyi da buhuna. Kowa a jirgin yana ɗaukar hoto. Kaka ko gefe ba ta duba ba. A nan ne ta riƙe hannuna riƙon da na gaya maka.

Ginin kotun tsoho ne idan aka gwada shi da dogayen gine-ginen gilashin garin. Launin yashi gare shi, mai faɗi, yana zaune kusa da ruwa kamar wanda ya riga kowa zuwa. Sau da yawa Baba ya nuna mini shi daga nesa ya ce, "Allah ya raba mu da shiga can." Ciki sanyi ƙalau har haƙora na kaɗawa, ƙasa tana sheƙi, ana jin Larabci da Indiyanci da harsunan da ban san sunansu ba. Aka shiga da Kaka da tafinta, ni da Anti aka bar mu a kujerun baranda.

Muna zaune sai ga Kawu an taho da shi tsakanin 'yan sanda, cikin fararen kaya, an aske kansa. Na ɗauka zan ji tsoro. Ya hango ni, sai ya kira ni da sunan nan na alkunya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da shi, da ƙarfin da duk barandar ta juyo, "Kai ka rufe ƙofar." Iyakar abin da na faɗa ke nan. 'Yan sandan suka ja shi suka wuce. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙafa har ka, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na ji kunyarsa ba.

Abin da ya faru a ciki, tafintan ne ya ba Anti labari ina ji. Alƙali ya tambayi Kaka ko ta yafe. Ta ce kafin ta amsa tana da tambaya ɗaya: a tambaye shi, lokacin da yake sa kwaɗon, ya ji ɗanta yana kiransa? Aka tambaye shi. Ya ce ya ji. Kaka ta ce, "To ban yafe ba, duniya da lahira." Aka yanke masa shekaru a kurkuku, bayan su a kore shi daga ƙasar. Da ta fito ta ji adadin daga bakin tafintan, sai ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce ai wannan somin-taɓi ne.

Muka fito rana ta take. Anti ta tare tasi za mu koma gida, Kaka ta ce a kai ta wurin agogon nan. Agogon Deira take nufi, wanda ke tsakiyar shataletale da zarar ka sauko daga gada. A lokacin duk ɗan unguwarmu da ya je Dubai sai ya aiko da hotonsa a gabansa, shi ne shaidar cewa ka isa. Ƙafafu huɗu ne na kankare da suka lanƙwaso suka haɗu a sama suka ɗauki agogon, ga ruwa na tsartuwa a ƙasa, ga ciyawa shar, motoci suna kewaye shi ba tsayawa. Direban ya ajiye mu a gefen titi yana mita.

Kaka ta ɗaga kai ta kalle shi. Ta ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Don wannan ya bar ni."

Sai ta sunkuya ta cire takalmanta, ta taka daɓen da ƙafa tsirara. In ka san daɓen Dubai da tsakar ranar zafi, ka san ƙwai zai soyu a kansa. Anti ta yi ihu, "Mama, za ki ƙone!" Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta ce tana so ta ji irin ƙasar da ɗanta ya kwanta a kai. Ta tsaya ƙyam, zufa na gangarowa ta haɓarta, leɓenta na motsi. Na matsa kusa na ji abin da take faɗa. Ba tsinuwa take yi da ƙarfi ba. Tana lissafa wa Ubangiji ne, ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ta yi wa mutumin nan tun yana cikin tsumma, bayan kowanne ta ce Allah ya isa. Ba ta ce in yi komai ba. Ni da kaina na cire nawa takalman na tsaya kusa da ita, har Anti ta fizge ni ta ɗora ƙafafuna a kan nata.

Da yamma tafin ƙafar Kaka ya yi bororo. Anti ta zauna a ƙasa ta ɗora su a cinyarta tana shafa magani tana naɗe bandeji. Kullum Anti mai wa'azin yafiya ce, ko faɗa na yi a makaranta sai ta ce in yafe. Ranar ba ta yi wa'azi ba. Hawayenta kawai na gani yana ɗiga a kan bandejin.

Ba mu daɗe ba muka tattara muka dawo Kano. Kaka ta rayu har ya gama zaman kurkukunsa ya dawo unguwa. Ya zo ƙofar gida da dattawa cikin azumi, suka yi sallama a zaure. Lokacin ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai. Ta aike ni ta ce, "Ki ce masa uwar da ya zo nema ta mutu a Dubai." Na je na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, ban rage ko harafi ba.

Yanzu ta rasu. Waɗanda ke zuwa sari suna ce mini ba zan gane Al Nahda ba, kuma ba wanda ke ɗaukar hoto a gaban agogon, an samu abubuwan da suka fi shi tsawo. Yafiya ma ta yi araha. Ana gobe azumi mutum zai tura wa kowa da kowa saƙo ɗaya a waya, "ku yafe ni", ba tare da ya faɗi abin da ya yi ba. Umma ta ce ta bar shi da Allah, kuma tana yawan ce mini in sauke wannan kayan.

Ina koyarwa a wata makarantar yara a unguwarmu. Bara aka kawo mini wata yarinya ajina, mai wayo, mai son zane. 'Yarsa ce, ya yi aure bayan dawowarsa. Ban taɓa harararta ba, ni nake ɗaure mata igiyar takalmi, in ta yi kuka in goya ta. Ba ita ta yi ba. Amma idan an tashi, shi yake zuwa ɗaukarta, ni kuma nake tsayawa a bakin get. Yakan yi mini sallama a hankali. In miƙa masa hannun 'yarsa, in dube shi cikin ido, ba na amsawa. Sai ya sunkuyar da kai, a gabanta, ya ja ta su tafi. Gobe ma zai zo, kuma zai tarar da ni a tsaye.