Dawar Inna da Kwanon Maman Ladi

Har yau in na ji warin karan dawa yana cin wuta, sai in ga Inna Ige zaune bakin murhu, ta miƙe ƙafafu, tana tonon toka da tsinke tana neman dankalin da ta binne. Kakata ce ta wajen uba. A gidanmu na Ƙaura, can bayan tashar jirgin ƙasa, da zarar an ci tuwo tsakar gida ta zama tata. Mu jikoki mu kewaye wuta, kowa na jan gefen zanenta saboda sanyi, ita kuma tana korarmu da bakin da bai kai zuci ba. Ni take kira maigida, wai mijinta ne ni, amma mijin da bai taɓa kawo ko gishiri ba.

Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen kaka. Rumbu ya cika, kabewa jere bisa rufin ɗaki, yakuwa da kuɓewa shanye a tabarma, Baba ya dawo daga kasuwar Shinkafi da albasa har ɗakin yana yaji. A wannan tsakanin ne maƙwabtanmu ke Kirsimeti. Maman Ladi matar wani ma'aikacin jirgi ce, ta zo garin tana amarya, ba ta san kowa ba, Inna ta riƙe ta kamar ɗiyarta. Ranar jajiberi takan aiko da kajinta Baba ya yanka mata, don mu ma mu iya ci. Washegari da hantsi sai ka ga kwanon samira mai murfi ya bayyana a kan katanga, daidai inda ta ɗan zaizaye. Shinkafa da jar miya, da cinyoyin kaza.

Mu dai cin muke so. Inna kuwa, tun kwana biyu kafin nan ta jiƙa dawarta. Wata farar dawa ce mai zaƙi da ta taho da irinta daga gidan ubanta a Zurmi, ba ta yarda a gauraya ta da kowace. Da ita take yin hoce, gurasar dawa irin ta wajenmu, ta gasa shi har gefensa ya yi ja, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, ta yanka albasa, ta cika kwanon nan ta mayar kan katanga. Dokarta guda: kwano ba ya komawa wayam, kuma ba ya komawa da abin kasuwa. Abin gonarka za ka sa. Duk shekara kuma takan zaɓi zangarniyoyi mafi kyau ta ɗaure su a rufin madafa, hayaƙi ya yi musu baƙi don kada ƙwari su ci. Wannan shi ne iri, wanda ya taɓa shi ya sha rankwashi.

A daren Kirsimeti, cikinmu ya yi nauyi da shinkafa, tatsuniya ɗaya take yi mana.

"Ga ta nan, in kunnuwanku ba su cika da maiƙo ba."

"Ta zo, Inna, mun goge."

Wai wata tsohuwa ce da maƙwabciyarta, danga ɗaya tsakaninsu, da ƙwarya guda mai kai da kawowa ta wata kafa a gindin dangar. Wata shekara fara ta sauka ta cinye gonaki. Yunwa ta shiga gari. Ran nan maƙwabciya ta samo ɗan ganyen tafasa ta kwaɗa, ta raba biyu, ta turo rabi ta kafa. Tsohuwa ta ci, ta duba ɗakinta kaf, ba komai sai 'yan zangarniyoyin iri a rufin madafa. Ta yi tsaye da ƙwarya a hannu. Daga ƙarshe ta wanke ta, ta kife, ta tura wayam. Damina ta faɗi, ta shuka irinta, ta cika rumbu. Ta yi hoce ta je gindin danga, sai ta tarar an liƙe kafar da laka. Maƙwabciya ta tashi tun cikin rani. Tsohuwa ta zauna tana cin hocenta ita kaɗai, yana yi mata kamar ƙasa a baki.

"Ƙurunƙus. Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Shekarar da ta zagayo, daidai wurin da tsohuwa ke tsaye da ƙwarya, sai Inna ta sauya hanya. Wai tsohuwa ta sauko da irin, ta niƙa, ta yi hoce ta tura. Maƙwabciya ta ci ta sa mata albarka. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, ita ba ta da ko ƙwaya. Gonarta ta zama ciyawa, ta ɗaure tsummokaranta ta bar garin.

Ni da ma ba na iya haɗiye magana. "Inna, bara ba haka kinka ce ba."

"Kai maigida, tatsuniyar taka ce ko tau?"

"To wace ta yi daidai, ta bara ko ta bana?"

Ta sa tsinke ta tona toka. Sannan ta ɓare dankali ta miƙo mini rabi. "Allah shi sa ka tsufa ba ka sani ba."

Haushi na ji a lokacin, na ɗauka rowar amsa take yi.

Inna ta rasu da daɗewa, Baba ma ya bi ta. Ni ke riƙe da gidan yanzu, ni ke yanka wa Maman Ladi kaji, matata Hauwa'u ce ke yin hocen. Gonarmu tana wajen Ɗan Isa, kuma damina biyu ke nan ban taka ta ba. 'Yan bindiga sun riƙe dajin. Wanda muke iyaka da shi ya je duba wake, har yau iyalinsa na jira. Rumbunmu kaji ke kwana ciki. Garin masara muke awo a kasuwa, mu da muke bayarwa. Wallahi duk ranar da na tsaya gaban mai awo sai na ji kamar in kurma ihu. Abin da ya rage na dawar Inna shi ne dami ɗaya ɗan ƙarami a rufin madafa. Na tambaya har Zurmi, waɗanda ke da irinta sun watse ko sun cinye.

Kirsimetin da ta wuce, kwanon ya hau katanga kamar kullum. Sai dai Maman Ladi ba ta juya ba, ta tsaya daga can tana magana da Hauwa'u. Maman Ladi ta tsufa, mijinta ya mutu, 'ya'yanta sun ce ba za su ƙara barinta a nan ba, bayan biki za su zo su mayar da ita garinsu can kudu. Ta ce, "Ni dai in ƙara cin hocen Inna sau ɗaya, shi ke nan." Bara Hauwa'u ta kankare gindin rumbu ta yi mata, don haka Maman Ladi ba ta san dawar ta ƙare ba.

Muka ci shinkafar. Da aka wanke kwano na shiga madafa na sauko da damin, sai Hauwa'u ta tare ni.

"Malam, in ka niƙa wanga, mi za mu shuka ran da hanya ta buɗe?"

"Yaushe za ta buɗe? Ke kin sani?"

"Ban sani ba. Amma in ya shiga turmi ya tafi ke nan."

"To in mayar mata da kwano wayam? Kwanon ƙarshe?"

Na ɗauki kwanon. Ga ni ƙato da gemu, tsaye da kwano a hannu, daidai inda tsohuwar tatsuniya ta tsaya. Na kai damin bakin turmi, hannuna ya ƙi. Na mayar da shi rufi, zuciyata ta ƙi. Abin da na yi ba dabara ba ce, gazawa ce: na lanƙwasa zangarniyoyin yadda suke, da baƙin hayaƙinsu, na cusa cikin kwano na rufe na aza kan katanga. Na ce a raina ta yi yadda ta ga dama da su.

Bayan la'asar sai ga sallamar Maman Ladi a ƙofar gida, da sandarta, da kwanon a hannu. Ta zauna bakin murhu inda Inna ke zama. Ta shafa zangarniya ɗaya, ta dubi baƙin da ya mannu a yatsunta.

"Ɗana, wannan iri ne. Abin ya kai haka, ba ku faɗa mini ba?"

Ta zare guda biyu ta ƙulle a bakin zanenta, ta miƙa wa Hauwa'u sauran ta ce a mayar rufi. Ta ce akwai ɗan fili bayan gidan ɗanta, za ta gwada, ko da yake ruwan can ya yi wa irin wannan dawa yawa. In ta yi, za ta aiko mana da sabon iri. Kwanon kuma ta ajiye shi nan ƙasa, ta ce ba ta da wanda za ta miƙa wa a can.

Sun tafi da ita cikin satin. Kwanon na nan kife a kan rumbu, damin na rufin madafa yana tsufa, kuma iri in ya daɗe ba ya tsira. Yanzu na gane abin da ya hana Inna ba ni amsa: a tatsuniyar nan, ko ta bara ko ta bana, mutum ɗaya ne ke saura a gindin danga. Jiya yarana suka ce in yi musu ita. Na kawo daidai inda tsohuwa ke tsaye da ƙwarya, sai na ce musu wuta ta mutu, su je su kwanta.